Na Auna Ƙwaƙwalwar Shugabanni a Zauren Kakan Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen 'ya'yana, da yammacin Asabar ɗin da na je gaida kakan Rabi a Ƙofar Kibo. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da kuwa a sahun salla nake (Allah ya yafe mini).

Bari in fara nuna muku irin mutumin da nake a lokacin, don ku san wanda za ku yi wa dariya. Ƙaramin malami ne ni a jami'a, a harabar Kongo da ke Zariya, sabon ɗauka, ina koya wa 'yan aji ɗaya harkar mulki. Digirina na biyu bai fi wata huɗu a hannuna ba, amma in ka ga tafiyata sai ka rantse ni na rubuta tsarin mulkin ƙasa. Na sayi tabarau alhali idona lafiyarsa lau. Ina yawo da jaka mai littattafai uku masu kauri, waɗanda ban taɓa wuce gabatarwarsu ba.

Babban ciwona kuwa wani jadawali ne da na haɗa a wayata. Na jero duk waɗanda suka taɓa mulkin ƙasar nan, masu kaki da masu babbar riga, na ba kowa maki gwargwadon kaifin ƙwaƙwalwarsa. Ba zan kama suna a nan ba, don wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma 'yan barandansu na nan da ransu, ni kuwa yanzu ina da iyali. Ma'aunina ɗaya ne, wato jawabi. Na tattaro jawaban da suka yi wa 'yan ƙasa ta rediyo da talabijin, na zauna da jan biro na duba su yadda nake duba takardun ɗalibai. Hujjata ita ce abin da ke cikin kai shi ke fitowa ta baki. Wanda ya zo na ɗaya na raɗa masa Haziƙi, wanda ya zo na ƙarshe na raɗa masa Daƙiƙi, kuma na ɗauki wannan aiki a matsayin gudummawata ga al'umma.

Al'ummar dai ba ta gode ba. A teburin mai shayi na bakin unguwarmu, da zarar na zaro waya sai kowa ya tuna an aike shi. Rannan mai shayin ya jawo ni gefe ya ce, “Malam, don girman Allah ka riƙa bari su gama sha tukuna. Kana kore min ciniki.”

Mutum ɗaya ce take jure ni, ita ce Rabi. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin Wusasa, kuma ina jin aikin nata ne ya koya mata haƙuri da masu sambatu. Ina son ta so na gaske, irin wanda ke sa mai surutu ya yi shiru na minti biyu cur. Da maganarmu ta yi ƙarfi, sai ta zaunar da ni ta yi mini bayanin gidansu.

“Ka ga, a gidanmu Baba ba ya yanke maganar aure. Kaka ke yankewa. In ya ce ka turo magabatanka, an gama. In ya ce a'a, ko Baba ba zai ƙara buɗe baki ba. Akwai wanda ya zo neman yayata da mota ta gani ta faɗa, Kaka ya kalle shi sau ɗaya, shi ke nan.”

“Me ya yi?”

“Ya amsa waya a zaure.”

Ta ce kakan nata, wanda kowa a unguwa ke kira Malam Akawu, zai tsokane ni, don ita amaryarsa yake ce mata, ni kuwa ɓarawon da ya zo ƙwace. Ta ce in gaishe shi, in sunkuyar da kai, in ya yi wasa in yi murmushi. Sai ta ɗaga yatsa ta nuna ni. “Kuma don Allah, don Annabi, ban da lacca.”

Na ce, “Ni? Lacca?” Har da ɗan ɓata rai. Ta ƙara da cewa ya yi aikin gwamnati shekaru da yawa a Legas, ta so ta faɗi wane irin aiki, ni kuwa na katse ta da bayani a kan tarihin aikin gwamnati tun zamanin Turawa. A raina na riga na gama da shi. Akawu dai akawu ne, mai buga hatimi da ɗaure fayil da igiya.

Ranar Asabar bayan la'asar na sha wanka, na sa shadda mai guga, na ɗauki abokina Nasiru a bayan babur, muka nufi Ƙofar Kibo. Muka yi sallama, muka tuɓe takalma a waje. Zauren irin na da ne, mai sanyi, da azara a sama. Malam Akawu na kishingiɗe a kan buzu, ɗan siririn tsoho, da tabarau a kan hanci da 'yar rediyo a gefe. Kusa da shi akwai abokansa biyu, tsofaffi kamarsa, ɗaya mai rawani, ɗaya mai sanda. A can bakin ƙofar shiga gida kuma ga mahaifin Rabi, Alhaji Lawal, mutum mai furfura da kwarjini, amma a gaban tsohon ya takure kamar ɗan makaranta.

Muka durƙusa muka kwashi gaisuwa. Tsohon ya leƙo ni ta saman tabarau.

“Lawal, wannan ne ɓarawon amaryar tawa? Kai, Rabi ba ta da ido. Ni da haƙorana huɗu ai na fi shi kyan gani.”

Aka yi dariya, na yi murmushi, na sunkuyar da kai. Ina so a rubuta mini wannan a littafin lada: minti goma na farko na yi abin kirki. Aka kawo fura na ƙi sha don kunya, ko da yake maƙogwarona a bushe yake. Aka tambayi gidanmu na faɗa a taƙaice. Nasiru har ya waiwayo ya dube ni, don bai san ina da wannan baiwar ba.

Sai tsofaffin biyu suka koma kan gardamar da sallamarmu ta katse. Kuma a cikin duk gardandamin duniya, ga ƙwallo, ga farashin taki, ga ganin wata, ba su zaɓi kowacce ba sai ta wane shugaba ne ya fi kowa kai a tarihin ƙasar nan. Mai rawani ya ce masu kaki sun fi, don su ba sa dogon Turanci. Mai sanda ya ce ina, wanda ke da bindiga ai ba ya bukatar kai. Suka ambaci wannan, suka ambaci wancan, babu hujja babu ma'auni. Ni kuwa ina durƙushe, jadawali na aljihuna, ina jin abin da mai azumi ke ji in ana suya a maƙwabta.

Malam Akawu bai sa musu baki ba. Ni yake kallo. Can sai ya ce, “Ku dakata. Ga malamin jami'a Allah ya kawo mana. Dakta, raba mana gardamar nan.”

To, duk wanda aka haifa a cikin ganuwar Zariya ya san amsar wannan tambaya. Amsarta ita ce, “Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ina yaro ina maganar manya.” Na san ta. Uwata ta koya mini ita. Nasiru ma ya buɗe baki zai faɗa a madadina. Amma sai na ji wata murya mai kama da tawa tana cewa:

“A gaskiya, Baba, na ɗan yi bincike a kan wannan.”

Nasiru ya mintsine ni a cinya. Ban ji ba. Na zaro waya, a zauren da aka kori mai mota saboda waya. Daga durƙuso na koma zama, daga zama na tanƙwashe ƙafa, na gyara tabarau. Na yi musu bayanin ma'aunina dalla-dalla, har da cewa wannan hanya ta kimiyya ce, ba irin hirar zaure ba (e, haka na ce, a cikin zaure).

Na fara da Haziƙi. Na kawo wani jawabi da ya yi a rediyo lokacin da ƙasa ke cikin matsi, jawabin da bai kai minti goma ba. Na ce ku duba, babu kalmar banza ko ɗaya, kowace jimla gajera, kowacce ta san inda za ta. Na ce mutumin da ya iya wannan, ƙwaƙwalwarsa a shirye take kamar shagon mai magani.

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. “Ikon Allah. Nawa ka ba shi?”

“Tara cikin goma, Baba.”

“Ina ɗayan ya tafi?”

“Kamala ta Allah ce, Baba.”

Tsofaffin suka tuntsire da dariya, ni kuwa na ɗauka tafi ake yi mini. Da a ce na dubi Alhaji Lawal a lokacin, da na ga fuskar mutumin da ke kallon akuya ta nufi rijiya, amma ina, ba ni da lokacin kallon kowa. Na gangara ƙasan jadawali, wurin da na fi jin daɗi.

Na ce shi kuwa Daƙiƙi, shedarsa na cikin wani jawabin sabuwar shekara da ya kusa cinye awa guda. Na ce mutumin nan ya fara da kwatanta ƙasa da jirgin ruwa, bai sauke mu a gaɓa ba ya mai da ita gona, ba a yi girbi ba ya mai da ita uwa mai shayarwa. “Baba, a shafi na uku ƙasar tana tsakiyar teku, a shafi na biyar an shuka mata gero, kafin a kai ƙarshe tana goyo! Wallahi ɗalibina ya rubuto mini haka sai ya maimaita aji. Wannan ba rashin iya magana ba ne, rashin kai ne.”

“Shi kuma nawa ka ba shi?”

“Ɗaya, Baba. Shi ma don ya faɗi sunan ƙasar daidai.”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, in ban da mai rawani da ya cusa bakin rawaninsa a baki, kafaɗunsa na rawa. Mai sanda ya shiga zane ƙasa da sandarsa. Alhaji Lawal ya ɗaga kai yana ƙirga azara. Malam Akawu ya kashe rediyonsa, wadda dama da ƙyar ake jin ta.

“Lawal, ɗauko min akwatin nan na ƙarƙashin gado.”

Dattijo mai jikoki ya tashi da sauri ya shige gida, ya dawo rungume da wani tsohon akwatin ƙarfe. Tsohon ya buɗe, ya yi ta laluben fayil-fayil ba tare da gaggawa ba, yana lasar yatsa. Ya zaro takardu kashi biyu, siraran takardu da suka yi ruwan ƙasa, bugun tafireta, ya miƙo mini na farko.

“Dakta, karanta mana layin farko.”

Na karanta. Jawabin Haziƙi ne, kalma da kalma, sai dai wannan yana da gyare-gyare da biro a gefe, an soke nan an ƙara can. Ya miƙo na biyu, mai kauri. Ban kai ga jirgin ruwan ba na gane jawabin Daƙiƙi ne. Rubutun hannun da ke gefen wannan shi ne na gefen wancan.

“Aikin da na yi ke nan a Legas,” in ji shi, muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba. “Gwamnati ta zo ta tafi, ni ina nan a ɗakina da tafireta. Wannan da ka ba tara, a bayan mota na gyara shi, tsakanin ofis da gidan rediyo, zazzaɓi na kaɗa ni. Na gajarta shi ne don in samu in je in kwanta. Maigidan, wato Haziƙin naka, bai taɓa ganinsa ba sai da aka ce ya fara karantawa. Wannan kuwa da ka ba ɗaya, sati uku na yi a kansa. Lokacin an haifar mini autata, kullum ina kallon uwarta tana ba ta nono, shi ya sa na sa uwa mai shayarwa. A duk abin da na rubuta shi na fi so.”

Ya shafa takardar da tafin hannu.

“Shi kuma wanda ka kira Daƙiƙi, da ya duba ya ce min, ‘Malam, abin nan ya yi tsawo, kuma jirgin da gonar ba su haɗu ba.’ Ni na nace. Ya karanta shi haka nan don kar in ji kunya.”

Jama'a, na roƙi ƙasa ta tsage in shige, amma daɓen zauren nan na da ne, mai ƙwari. Kuma maimakon in yi shiru, sai bakin nan nawa ya sake yunƙurawa. “A gaskiya, Baba, in aka sake duba shi da idon basira, akwai wata hikima a haɗa jirgi da...”

“A'a, Dakta. Malamin kirki ba ya canza maki don ya ga uban ɗalibi.”

Mai rawani ya kasa riƙewa, ya faɗi gefe yana tari. Ban san yadda muka yi sallama ba. Na dai san sai da muka yi tafiya mai nisa a ƙasa, ina gaba Nasiru na biye, sannan ya ce, “Malam, babur ɗin fa? Ko sadaka ka bar musu?” Shi na roƙa ya koma ya turo shi.

Kwana biyu Rabi ba ta ɗauki wayata ba. A na uku ta ɗauka, ba ko gaisuwa. “Abu nawa na ce kar ka yi?” Na ce ɗaya. Ta ce, “To.” Ta kashe.

Sati uku ba labari. Kawunnaina na jiran a ba su ranar zuwa, mahaifiyata kullum sai ta tambaya, ni kuwa ina cewa tsohon ne ba ya jin daɗin jikinsa (ƙarya a kan tsoho, bayan zagi). Abin ya daina ba ni kunya kawai, ya koma ba ni tsoro. Na rame. Ina shiga aji in tsaya ina kallon allo. Na gane cewa zan iya rasa yarinyar nan, ba don talauci ko mugun hali ba, sai don na kasa riƙe bakina na rabin awa, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Sai rannan aka aiko in je. Na same shi shi kaɗai a zaure. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa, na fara jero ban haƙurin da na kwana uku ina haddacewa, ya ɗaga hannu.

“Bar wannan. Ranar Lahadi ta sama akwai walimar sauka a Islamiyyar unguwa, ni ne uban taro. Idona ya yi rauni, hannuna na rawa. Shekara talatin ina rubuta wa mutane, ban taɓa ɗanɗana a rubuta mini ba. Kai za ka rubuto min jawabi. Na minti biyar. Bayan taro sai mu ga maganar amaryata.”

Mai hankali da ya rubuta godiya ga Allah, godiya ga malamai, nasiha ga yara, addu'a, shi ke nan. Ni kuwa na ce ga ranar wanke kaina ta zo. Na zauna na zuba duk abin da na sani. Na fara da matsayin ilimi a daulolin da suka shuɗe, na ratsa ta zuwan boko, na taɓo tsarin karatu na ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Kowace jimla in na karanta sai in ga ta yi kyan da ba za a iya cire ta ba. Da na gama, shafi goma sha ɗaya ne. Na kai masa ina tsammanin zai soke rabi. Ya auna nauyin takardun a hannu, ya ce, “Madalla,” ya sa a aljihu.

Ranar Lahadi da hantsi aka kafa rumfuna a filin makaranta. Maza a gefe, mata a gefe, masu sauka sun jeru cikin fararen kaya, tukwanen shinkafa na jira a bayan aji. Na samu kujera a tsakiyar jama'a, inda ba wanda ya san ni sosai. Aka kira uban taro. Aka riƙo shi ya miƙe, ya gyara tabarau, ya fara.

Ya karanta komai. Bai tsallake ko waƙafi ba. A hankali yake karantawa, da murya mai daɗi, irin ta wanda ya san aikin, kuma wannan ne ya ƙara tona asirin rubutun. Minti biyar ta wuce muna daulolin da suka shuɗe. Minti goma sha biyar, rana ta ƙwalle, jarirai suka fara kuka. A shafi na huɗu na ji ya ce ilimi fitila ne. Na gyaɗa kai. A shafi na biyar ya ce ilimi rijiya ne mai zurfi. Gabana ya faɗi. A na shida ilimi ya zama bishiyar kuka mai rassa. Wallahi sau biyar na karanta abin nan a gida ban lura ba.

Wani mutum a bayana ya yi tsaki a hankali. “Allah sarki, tsufa. Malam Akawu da in ya yi magana uku sai ka kwana kana tunani, dubi yadda ya koma.”

Na kusa da shi ya ce, “Ai kan ne ya fara tafiya. Ka ji fa, fitilar ta faɗa rijiya, yanzu kuma ta tsiro.”

“Iyalansa ne da laifi, da suke barinsa yana fitowa taro.”

Na hango Alhaji Lawal a sahun gaba, kansa a ƙasa. Tsohon kuwa na tsaye a rana, takardu na rawa a hannunsa, mutanen da suka girma suna girmama shi suna yi masa kallon tausayi. Kuma bai ce uffan a kaina ba. Da a ce na ci gaba da zama, da taro ya watse a kan cewa Malam Akawu ya rikice, ni kuwa in tafi gida da shaddata fes. Na yi wannan lissafin, ba zan ɓoye muku ba, har na ɗan ji daɗinsa na daƙiƙa biyu. Sai na ji ba zan iya ba.

Na miƙe. Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya.

“Jama'a, ku gafarce ni! Ba laifin Baba ba ne. Ni na rubuta jawabin nan. Minti biyar ya ce, ni na mai da shi haka.”

Filin ya yi tsit. Kai ɗari uku, ko abin da ya fi, suka juyo gare ni, har da masu sauka, har da mata masu rabon shinkafa da ludayi a hannu. Malam Akawu ya leƙo ni ta saman tabarau, ya matso da bakinsa kusa da lasifika.

“To, mun ji. Zauna, Dakta. Saura shafi huɗu.”

Kuma ya karanta su. Duka huɗun. Sai dai yanzu ba shi ake kallo ba. Duk jimlar da ya kai ƙarshenta sai jama'a su waiwayo su dube ni, kamar masu neman ƙarin bayani. Da ya zo inda na ce ilimi jirgin sama ne (e, akwai wannan ma), wata tsohuwa daga rumfar mata ta ce da ƙarfi, “Wai ɗan gidan wa ye?” Aka kuwa samu mai ba ta amsa, har da sunan unguwarmu.

Da aka shafa fatiha na so in sulale, amma na san in na gudu yau na gudu ke nan. Na je na durƙusa a gefen kujerarsa. Yana shan ruwa, Alhaji Lawal na tsaye a kansa da lema. Ya sauke kofin daga bakinsa. Da ya yi magana, ba wasa a muryarsa.

“Ranar da aka karanta wancan jawabin nawa na sabuwar shekara, ina tsaye a bayan ɗaki. Washegari jaridu suka yi wa mutumin nan ca, aka mai da shi abin dariya. Kalma ɗaya zan faɗa a san ni ne. Ban faɗa ba, ina tsoron aikina. Har ya bar mulki bai taɓa yi mini gori ba, kuma ga shi har yau yaran da ba a haifa ba a lokacin suna kiransa daƙiƙi.” Ya miƙa wa ɗansa kofin. “Lawal, rubutunsa dai ba shi da kai ba shi da gindi. Amma ba zai bar Rabi ta ɗauki laifinsa ba. Ka ce su turo.”

Na so in yi godiya, kuka ya riga ni. Ina jin wannan ne karo na farko da na rasa abin faɗa a gaban jama'a, kuma kowa ya ji daɗin hakan.

Yau 'ya'yanmu biyu da Rabi. A Ƙofar Kibo ba wanda ya san sunana na yanka, Mai Jawabi suke ce mini, yaran kuma 'ya'yan Mai Jawabi. Ɗalibaina kan tambaye ni wane shugaba ne ya fi kowa kai, in ce musu ban sani ba, sai su ɗauka tawali'u ne.

Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi. In tsoho ya ce ka raba masa gardama, ba amsa ya rasa ba, so yake ya ga tsawon harshenka. In kuma ka ji wani babba a kan mumbari yana zuba shirme, kar ka yi saurin yanke wa ƙwaƙwalwarsa hukunci. Waiwaya bayan taro tukuna. Za ka ga wani bawan Allah a takure yana sharce gumi, leɓɓansa na bin karatun kalma da kalma. Ka yi masa addu'a, wataƙila aure yake nema.